Lambar da Anti Babu ta karanta a waya

Sun kori Anti Babu daga aiki a bakin babbar ƙofar asibiti, kuma ta bakin maigadi. Duk manyan da ke saman bene babu wanda ya iya saukowa ya dube ta ido cikin ido. Dattijon maigadin nan, wanda ita ce ta tsaya kai da fata har aka gina masa rumfa ya daina tsayuwa a rana, shi aka ɗora wa saƙon. Ya tare ta yana kallon takalminsa, ya ce an ce ta miƙo makullan ofis da ɗan abin bankin nan da ke rataye a wuyanta, an kuma ce kada ta wuce inda take tsaye. A allon sanarwa, gefen jadawalin aikin nas-nas, har an riga an liƙa takarda: an sallami shugabar sashen kuɗi saboda sakaci da dukiyar ɗakin jarirai.

Sakaci. Matar da in ta ga fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, sai ta shiga ta kashe, ta kuma fito neman wanda ya kunna.

Asibitin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Na ƙungiyar taimako ne. Masu hali na kusa da na nesa suna ba da gudummawa, kwamitin amintattu yana riƙe da shi, mara lafiya ya biya abin da ya sawwaƙa, wanda ba shi da shi a duba shi haka nan. Ba a raba riba, don babu ita. Albashin likitoci da masu shara, magani, man janareta, tukwanen oksijin, bayanin da ake aika wa masu gudummawa su san inda kyautarsu ta shiga, duk ta teburinta suke bi. Kuma kowace kyauta da igiya a wuyanta take zuwa. Wanda ya ce ga wannan don ɗakin jarirai, to na ɗakin jarirai ne, ko tsintsiya ba za a saya da shi don wani ɗaki ba. Riƙon wannan igiya shi ne aikinta.

Ba rashin abin yi ne ya kawo ta ba. A banki take, da motarta da ofishinta mai sanyi, lokacin da ta haifi 'yarta ta fari bakwaini. A wannan asibitin aka sa yarinyar a kwalba, 'yar mitsitsiya, bututu a hanci. Uwar ta kwashe makonni a benci tana kallon allurar ma'aunin da ke kan tukunyar oksijin. In ta yi ƙasa, gabanta ya faɗi. In an gunguro sabuwa, ta sauke ajiyar zuciya. Yarinya ta rayu. Yau ta fi uwar tsayi, amma har yanzu 'Yar Kwalba ake ce mata a gida. Da gurbi ya buɗe a sashen kuɗin asibitin, uwar ta ajiye aikin banki ta dawo kan albashin da bai kama ƙafar na da ba. Yayarta ta ce hauka ne tuburan. Mijinta, Malam, malamin makaranta ne, cewa ya yi shi kam ya ji daɗi, ko ba komai ta samu inda za ta riƙa kai bincikenta, robar gishirin gidansu ta huta.

Sunan kuwa ma'aikata ne suka laƙaba mata. Likita ya zo neman sabuwar kujera, babu. Wani ya zo a biya masa kuɗin jirgi zuwa taro, babu. Nas-nas suna tsokana cewa in ka ce mata ina kwana, sai ta duba ko an ware mata kafin ta ce lafiya. Ta san sunan, har amsawa take. Amma a duk shekarun nan albashi bai taɓa tsallake wata ba, firjin jini bai taɓa mutuwa don rashin mai ba. Wannan ba a liƙa shi a allon sanarwa.

Sai batun abin wuyanta. Banki ne ya ba ta, ɗan abu kamar makullin mota, tokin suke kiransa. In an danna sai lamba ta fito a fuskarsa, ta ɗan jima ta mutu. Ba a fitar da komai daga asusun asibiti sai Darakta ya shigar da biyan a kwamfuta, sannan kwamfutar ta nemi lambarta. Tokin ba ya gaya maka wa za a biya ko nawa ne, lamba ce kawai. Kafin zuwanta, in akantan asibitin zai yi tafiya, a aljihun teburin Darakta yake jefa shi, in kuma ya manta ya tafi da shi, a kira shi a waya ya karanto. Haka ake yi a ofisoshi da yawa, ana cewa ai an zama ɗaya. Ita ta kashe wannan ɗabi'a. Ta zura tokin a igiyar takalmi ta rataya a wuya ƙarƙashin mayafi, ta ce ba ta dannawa sai ta ga biyan a kwamfuta da idonta, ta kuma taka zuwa sito ta ga kayan. An sha ganinta tsugune tana karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali, mai kawo kaya yana tsaye yana cika yana batsewa.

Darakta likita ne, gwani a aikin tiyata, wannan ba mai hana shi. Ta girme shi. A gabanta ya zo yana ƙaramin likita mai hawan babur. Ranar da yake kan iko "Akanta" yake ce mata. Ranar da ya ce "Yaya," to akwai abin da yake so. Sama da shi akwai Ciyaman, shugaban kwamitin amintattu, ɗan kasuwa mai son a ga abu ya yi kyau daga titi.

Ciyaman ne ya zo da maganar gyaran fuskar asibiti. Manyan masu gudummawa za su kawo ziyara, in ji shi, bai kamata su tarar da ƙofar ƙarfe mai tsatsa ba. A rushe ta, a shimfiɗa tayil, a gina wani abu mai feshin ruwa a tsakiyar fili. Har ya samo ɗan kwangila, mijin ƙanwar matarsa. Da aka juyo kan inda kuɗin zai fito, duk ido ya koma kanta. Ta ce babu. Ciyaman ya ce ai ya ji asusun ɗakin jarirai a cike yake. Ta ce a cike yake da oksijin ɗin jarirai da gyaran kwalabensu, kuma mai kyautar bai ce a sayi tayil ba. Ya yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ido, ya ce aro ne. Ta ce in aro ne a rubuta wa mai kuɗin a roƙe shi, in ya yarda ita mai dannawa ce. Ba wanda ya so a rubuta.

Darakta ya yi ta bin ta ofis bayan nan, Yaya sama, Yaya ƙasa. Ya ce baƙon da ya ga ƙofa mai kyau shi ke buɗe aljihu. Ta ce baƙon da ya ga an taɓa kyautarsa shi ke rufe shi har abada. Ya fita yana girgiza kai, ya ce taurin kanta sai ya ja musu asara. Ta ɗauka magana ta mutu.

Ana haka ciwon Malam ya tashi. Zuciya ce. Aikin ya fi ƙarfin asibitinsu, aka tura shi wani babban asibiti a wani gari, inda yayarta take aure. Kafin ta tafi ta share teburinta tas, ta biya duk abin da ya kamata a biya. Abu ɗaya ya rage, motar oksijin ba ta iso ba, kuma kamfanin ba ya sauke kaya sai ya ga kuɗi. Ta ce wa Darakta in motar ta zo ya kira ta, za ta buɗe kwamfutarta ta duba ta tabbatar. Ya ce ta tafi hankali kwance, Allah ya ba Malam lafiya.

Safiyar aikin, tana tsaye a doguwar barandar ɗakin tiyata, aka turo Malam a kan gado mai taya, an sa masa hular leda, ya yi fayau. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ya ce mata in bai tashi ba ta tsaya ta tabbatar ba a caje ta kuɗin allurar barci ta mutum biyu ba. Ta harare shi, hawaye na neman tona mata asiri. 'Yar Kwalba ta sauka ƙasa sayo wani abu da likitoci suka nema. Kwamfuta tana can gidan yayarta, a jakar kaya. Nan waya ta yi ƙara.

"Yaya, motar oksijin ce a bakin ƙofa," in ji Darakta, yana magana da sauri. "Direban ya ƙi sauke ko ɗaya sai maigidansa ya ga kuɗi. Allurar ɗakin jarirai ta kusa kwanciya. Na shigar da biyan, lambarki kawai ake jira."

Ta ce ya ba ta lokaci ta aika a ɗauko kwamfuta. Ya ce kafin nan direban ya juya, akwai wani asibitin da ke jiran kayan. Ta ce bari ta ji daga bakin Matiron. Matiron ita ce shugabar nas-nas, ita ke riƙe da ɗakin jarirai. Ta kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Duk asibitin an san Matiron ba ta shiga ɗakin jarirai da waya, a aljihun tebur take barin ta. Anti Babu ta san haka. Darakta ma ya sani.

Masu tura gadon suka ce Hajiya a ba su hanya. Malam ya miƙo hannu ta kama. A ɗaya kunnen Darakta yana cewa yara ne fa, Yaya, ke kin san abin nan fiye da kowa. Kuma ta sani. Bencin nan ta gani, da allurar nan tana sauka. Ta saki hannun mijinta, ta zura hannu cikin mayafi ta jawo igiyar. Ta danna, ta karanta.

"Ta mutu kafin in gama shigarwa," in ji shi. "Sake dannawa."

Lambar tana mutuwa da wuri, gaskiya ne, ya sha faruwa da ita kanta. Ta sake dannawa ta karanta. Ya ce Allah ya saka, ya kashe. Da ta ɗago, ƙofar ɗakin tiyata ta riga ta rufe.

Malam ya fito da rai. Da yamma, bayan ta ga ya buɗe ido, ta je gidan yayarta ta watsa ruwa, ta buɗe kwamfuta don hankalinta bai kwanta ba. Biya biyu ta gani, duka daga asusun ɗakin jarirai, duka zuwa ga ɗan kwangilar Ciyaman. Lambar farko ba ta mutu ba. Kamfanin oksijin ko sunansa babu. Ta zauna a bakin katifa, ɗankwali a hannu, ta kasa ɗaurawa. Ta kira Darakta, waya a kashe.

Washegari ta bar mijinta a hannun yayarta da 'yarta ta kamo hanya. Tun daga titi ta ga an kayar da tsohuwar ƙofa, kwalayen tayil jibge har sun tare hanyar motar ɗaukar marasa lafiya, leburori suna haƙa rami a tsakiyar fili. Ba ta hau sama ba, sito ta wuce. Tukwanen da ke jere duk fanko ne. A ɗakin jarirai Matiron ta fito tana cire safar hannu, ta ce wace mota? Ba motar da ta zo jiya. Ita ma jira take, abin da ke ɗakin ba zai kai su ko'ina ba.

Darakta bai ko musa ba. Ya rufe ƙofar ofis, ya ce ta zauna, ta ƙi. Ya ce Ciyaman ne ya matsa masa lamba, kuma aro ne, da baƙi sun zo sun ga wuri za su ba da ninkin abin, a mayar ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ta ce ɗan kwangila ya dawo da kuɗin yau. Ya nuna mata taga, ya ce ga su can sun zama tayil. Ta ce to za ta sanar da mai kyautar. Nan kiran Yaya ya ƙare.

"Akanta," ya ce, "kafin ki rubuta, ki tuna lambar wa banki ya gani."

Ta yi abin da za ta iya. Ta roƙi mai kamfanin oksijin da bakinta, ya ba ta 'yan tukwane saboda ita, ya ce shi ma biyan wasu yake. Ta haɗa da ɗan abin da marasa lafiya ke biya a taga, wanda ba igiya a wuyansa, ta ƙara wasu. Bai isa ba. Kafin mako ya fita Matiron ta ce ita ba za ta zauna tana kallon allura tana addu'a ba. Aka kwashe jariran zuwa wani asibiti a ƙetaren gari, kwalba ɗaya bayan ɗaya, ana kewaya kwalayen tayil da su, iyaye mata da ɗanyen jiki suna bi a baya. Allah ya kiyaye, ba a rasa ko ɗaya ba. Amma wani uba ya ɗauki hoton abin a waya, ya yaɗu, ya kai ga mai kyautar. Ya aiko yana tambayar ina oksijin ɗin da ya biya.

Yanzu fa kwamiti yana bukatar wuyan da zai rataya wa laifi, kuma akwai wuyan da da ma igiya ke rataye a kansa.

Ciyaman ya kira ta shi kaɗai, da fara'a, har da tambayar jikin Malam. Ya ce shi mai son rufin asiri ne. Za a kawo takarda a zaman kwamiti, ta sa hannu cewa saboda tashin hankalin rashin lafiyar mijinta ta yi kuskure ta biya kwangila daga asusun da bai dace ba. Shi ke nan. Ta ajiye aiki da kanta, a ba ta haƙƙoƙinta cif, Malam ya ci gaba da karɓar maganinsa kyauta kamar yadda mijin ma'aikaciya ke karɓa. In ta ƙi, kora ce, a kuma kai ƙararta ƙungiyar akantoci su ƙwace lasisinta. Ya ce ta je ta yi shawara, maganin zuciya ba wasa ba ne.

Sunanta suke so. Ba wani abu ba. Shi kaɗai ta tara a wannan aikin, kuma sun san inda za su danna ya yi zafi.

A gida an dawo da Malam, yana kwance an jera masa matasai. Yayarta da ta rako shi ta ce ta sa hannu kawai, takarda ce, wa zai karanta? Ta ce ke ƙanwata, taurin kan nan shi ya raba ki da banki, yanzu kuma so kike ya raba ki da miji? 'Yar Kwalba tana tsaye a bakin ƙofa tana huci, ta ce wa yayar uwar tata, in Mama ta sa hannu, duk wanda ya ga hoton jariran nan zai ce ita ta sayar da iskarsu. Yayar ta ce yarinya ta rufe mata baki, ba ita ke sayen magani ba. Anti Babu tana jin su. Idonta yana kan kwalaben maganin da ke jere a kan durowa. Ta san farashin kowanne, ita ke biyan mai kawo su. Ta kuma san abin da fanshon malamin makaranta zai iya ɗauka. Da suka fita, ta zauna a gefen gado ta ce masa ita fa ta gaji, watakila yayarta ce mai gaskiya.

Malam ya juyo ya dube ta. Numfashi yana yi masa wuya, magana sai a hankali.

"Sau ɗaya kika amince da abin da ba ki gani ba," ya ce, "kuma hannuna kika saki kika yi. Wannan karon kin gani. In kika sa hannu, kada ki ce don ni ne."

Ranar zaman, ɗakin taro yana sama, tagarsa tana kallon fili. Injin yankan tayil yana ta kuka a ƙasa, sai an ɗaga murya ake ji. Amintattu suna jere a dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa. Darakta yana gefen Ciyaman, yana juya biro. Matiron ta baro ɗakinta da ba kowa a ciki, ta zo ta zauna a benci a waje, ta aika a gaya wa kwamiti tana da abin faɗi. Aka ce ta jira za a kira ta.

Ciyaman ya yi dogon jawabi kan shekarun da Akanta ta yi tana hidima, da yadda kowane ɗan Adam ajizi ne. Sannan ya turo takardar da yatsa biyu, ya ɗora biro a kai. Ta sa tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba ta tsallake layi ba, yadda take karanta kwalin magani. Wani daga cikin amintattu ya duba agogo. Ta cire tabarau.

"Ranka ya daɗe, lambar tawa ce," ta ce. "Ni na danna, ni na karanta a waya, abin da ni da kaina na hana a asibitin nan. A rubuta wannan, yanzu zan sa hannu, a hukunta ni a kansa. Sai a rubuta a ƙasa wanda ya kira ni, da abin da ya ce mini yana bakin ƙofa, da wanda kuɗin ya shiga hannunsa. Amma ban yi kuskuren asusu ba. Ban taɓa ganin biyan nan ba sai bayan an yi shi."

Ciyaman ya juya ga Darakta ya ce ko yana da magana. Darakta bai ɗago ba. Ya ce ya kira ta, gaskiya ne, amma a iya tunawarsa batun kwangila ya yi mata, bai tuna ya ambaci oksijin ba, kuma a halin da take ciki ranar ba mamaki ta ji ba daidai ba.

Ta dube shi. Yaron da ta taɓa ba kuɗin gyaran babur daga jakarta.

"Ƙanina," ta ce, "ɗago ka maimaita."

Bai ɗago ba. Ta ce a kira Matiron, tana waje, ta faɗi ko an kawo oksijin, ta kuma faɗi ko ta ga kiranta a waya a safiyar. Don me za ta kira shugabar ɗakin jarirai a kan tayil? Wata dattijuwa cikin amintattu ta gyara zama ta buɗe baki, Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce wannan zaman kwamiti ne, ba kotu ba, kuma ma'aikatan jinya ba su da hurumi a maganar kuɗi. Dattijuwar ta mayar da bakinta ta rufe. Ya sake turo takardar, ya ce karo na ƙarshe, ta tuna da mai jinya a gida.

Ta tuna da shi. Ta ɗauki biron ta ajiye a gefe, ta mayar masa da takardarsa fara yadda ta zo.

Ciyaman ya ce to, ta je, kwamiti zai sanar da ita. Da ta fito Matiron tana nan a benci, ba a kira ta ba. Sanarwar ita ce wadda maigadi ya kai mata a bakin ƙofa ranar da ta dawo aiki. Ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙa masa, ta ce ya daina sunkuyar da kai, ba shi ya aike kansa ba. Ta tsallaka sabon tayil ta tari motar haya.

Yanzu tana gida. Ƙungiyar akantoci ta dakatar da lasisinta har sai an gama bincike, kuma abin da ke gaban masu binciken takardar kwamiti ce kawai. An sayar da motarta, maganin Malam ake saye. Maƙwabtan da suka ga hoton jarirai suna gaishe ta a taƙaice. Baƙi sun zo, sun ɗauki hoto a gaban abin feshin ruwa, an ce musu an gano ɓarakar an kuma toshe ta. Tokin yana aljihun teburin Darakta, inda yake kwana kafin zuwanta.

Ku amintattu, da ku ake. Ba Ciyaman kaɗai ba, dukanku da kuka zauna kuka sha ruwan gora kuka yi shiru. Sunanku amintattu, to ku nuna. Ku sake zama, ƙofa a buɗe, mai kyautar nan yana wurin. Ku shigo da Matiron daga benci ta yi magana. Ku tambayi kamfanin oksijin ko ya aiko mota a ranar. Ku faɗa da bakinku ɗan kwangilar nan mene ne shi ga Ciyaman. Ku sa Darakta ya ɗago kai ya maimaita abin da ya faɗa, yana kallon matar da yake kira Yaya. Laifin karanta lamba ta amsa shi a gabanku, ku hukunta ta a kansa ku tsaya nan. Sauran ku kai shi ga masu shi, ku kuma rubuta wa ƙungiyar akantoci gaskiyar abin da ya faru. Kafin duk wannan, ɗayanku ya sauko daga bene, da ƙafarsa ba ta bakin maigadi ba, ya cire takardar nan daga allon sanarwa.